PIL ƊIN ARAHA: DUHU MUKE SAYE DA KUƊINMU A BUNE



Yau a kan pil ɗin tocila za mu yi magana. Mun san akwai masu cewa: haba, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai pil? To, mai faɗin haka yana da kuran a ɗakinsa. A Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki, kuma mafi yawansu a birane suke. Ƙauyukanmu da rugagenmu da yawa ba su taɓa ganin turken NIGELEC ba. Idan rana ta faɗi, tocila ce kuran ɗinmu. Da ita makiyayi ke zagaya garke, da ita mai lambu ke sauka kwari da asuba, da ita ake raka mai naƙuda zuwa CSI cikin rairayi a kan amalanke, da ita ɗan lakwal ke bitar karatun birbe. Mutanen birni ma sun ɗanɗana: a farkon watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin wuta saboda takunkumin CEDEAO, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, har Damagaram da Yamai sai da aka koma neman tocila. Su watanni suka yi a haka. Mu kuwa haka muka taso.

Kuma duhunmu ba duhun banza ba ne. Da bazara kunama ke yawo a tsakar gida. Da damina da kaka kuma kububuwa ce, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna gobe-da-nisa, don ya san abin da take yi. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce saran maciji na kashe mutum tsakanin 81.000 da 138.000 kowace shekara, har a 2017 ta sa shi cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗaya daga cikin shawarwarin farko da ake ba mutumen karkara shi ne ya sa takalmi, ya riƙe fitila da dare. To idan fitilar ta mutu a tsakiyar hanya fa, alhali jiya-jiya aka sa mata sabon pil? Wanda ya sayar da wannan pil ya san abin da ya sayar, ko kuwa shi ma an cuce shi? Wa ya bari kayan suka shigo? Tambayoyin ke nan.

KURAN MAFI TSADA A ƘASAR NAN, TALAKA KE SAYENSA

Bari mu yi lissafi, kowa ya bi mu da yatsunsa.

Babban pil ɗin nan na gama-gari, wanda aka rubuta wa R20, ko an yi masa alfarma iyakar wutar da ke cikinsa ba ta wuce wat-awa 10 ba. Kilowat-awa ɗaya, wato abin da kwantar gidan birni ke ƙirgawa, wat-awa 1.000 ne. Ke nan sai ka tara pil 100 kafin ka samu kilowat-awa ɗaya. Mu ɗauka kowane pil ka saye shi dala ashirin, sefa 100. Ka biya jika goma ke nan. Shi kuma ma'aikacin da ke zaune a Damagaram da fanka da firji, kilowat-awa ɗaya bai kai masa sefa 200 ba. Ku raba ku gani: mutumen ƙauye na biyan ninki fiye da 50. Kuma wannan idan pil ɗin na kirki ne. Idan ya sha rana a kasuwa, ko ranarsa ta wuce, ninkin ya fi haka nesa.

Mu ƙara wani misali. Tocila mai cin pil uku, ana canja mata kowane mako, a kan dala ashirin-ashirin. Sefa 300 a mako, sau 52, ya kama 15.600 a shekara. A gida ɗaya, a tocila ɗaya. Ba a sa rediyo ba, ba a sa tocilar uwargida da ta amarya ba. Kuɗin da idan aka ce maigida ya fito da su rana ɗaya sai ya ce ba shi da su, amma ana tatsarsa dala ashirin-ashirin bai ji ba. Shi ya sa muke cewa araha ba ta ado, kuma a nan ko arahar ma babu.

ABIN DA KE RUBUCE A JIKIN PIL

Masu kiranmu a gidan rediyo sukan tambaya: wane suna ne mai kyau? Mu ba ƴan talla ba ne, kuma suna shi ne abu na farko da masu jabu ke kwaikwaya. Abin da ya fi amfani shi ne ƙananan baƙaƙen da ke gefe ko ƙasan pil, waɗanda ƙa'ida ce ta duniya baki ɗaya.

Lamba tana nuna girma. 20 shi ne babba, 14 matsakaici, 6 shi ne ɗan siririn da ake cewa AA, 03 kuma ƙaraminsa, AAA. Harafin da ke gaba shi ke faɗa maka abin da ke ciki.

Idan ka ga R kaɗai, kamar R20 ko R6, wannan shi ne pil na tutiya da gawayi, wanda da Faransanci ake ce wa « pile saline ». Asalinsa tun 1866 ne, daga wani injiniya Bafaranshe mai suna Georges Leclanché. Shi ne ya cika teburan kasuwanninmu.

Idan ka ga LR, kamar LR20 ko LR6, wannan alkalin ne. Ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. Ya fi tsada, ya fi nauyi, ya fi ɗaukar wuta.

Idan ka ga HR, kamar HR6 ko HR20, tare da rubutun NiMH, wannan mai caji ne. Ƙarfinsa volt 1,2, ana iya cajinsa sau ɗaruruwa.

Yanzu ga inda ake yi wa jama'a wayo. Za ka ga an rubuta « Super Heavy Duty » ko « Extra Power » da manyan baƙaƙe masu ƙyalli, ga hoton walƙiya, ga jan launi. Mai tebur ya ce maka: wannan ai mai ƙarfi ne, ka ga ma an rubuta. Juya shi ka duba. In R20 ka gani, ko R20P, to dangin na tutiya ne, an ɗan inganta shi kawai. Duk rubutun da ba shi da L a gaban R, ba alkalin ba ne, ko da an zana masa zaki a goshi.

Hannunka ma alƙali ne. LR20 na gaskiya yana kai giram 135 zuwa 145. R20 yana tsayawa wajen giram 100 ko ƙasa. Ɗauki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, za ka ji bambanci. In an ce maka alkalin ne amma ka ji shi sakayau, ajiye masa kayansa.

Sai kwanan wata. Kowane pil na kirki yana da wata da shekara a gindinsa ko a gefe. Alkalin yana iya zama shekara 5 zuwa 10 a ajiye. Na tutiya shekara 2 ko 3 ne, shi ma a wuri mai sanyi. To ku tuna hanyar da yake bi kafin ya iso mu: daga jirgin ruwa zuwa sito, daga Kano ko Kasuwar Dole ta Damagaram zuwa bayan mota, daga nan zuwa teburin da ke shan ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Pil yana zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi na ƙara masa sauri. Wani tun a cikin ledarsa ya riga ya tsufa. Wanda aka kankare kwanan watansa, ko babu ma sam, wannan cinikin biri a sama ne.

ME YA SA BABBAR TOCILA KE CINYE PIL HAKA?

Mutane na cewa: ai an ce mana LED ba ta cin wuta. Gaskiya ne. Ƙwan LED yana ba da haske ninkin-ba-ninkin tsohon ƙwai mai zare a kan wuta ɗaya. Ba a banza aka ba Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014 ba, saboda shuɗin LED da suka ƙirƙiro, wanda daga gare shi aka samu farin hasken da muke gani yau. Amma babbar tocila mai haska ƙarshen gona, ko mai ƙwai ashirin a jere, tana jan wuta da ƙarfi. A nan ne pil na tutiya ke kasawa.

Mu da muka san rijiyoyin kwari ba sai an yi mana dogon bayani ba. Akwai rijiya mai ƙaramin ido: in mutum ɗaya ke jan ruwa a hankali, za ta shayar da shi har yamma. In aka zura mata guga biyar a tare, nan take sai laka. A bar ta ta huta, ruwa ya ɗan taru. Haka R20 yake. A rediyo, mai jan wuta kaɗan-kaɗan, yana yin aikinsa lafiya lau, kuma ba mu ce a daina sa shi a rediyo ba. A babbar tocila kuwa ƙarfinsa na faɗuwa da sauri. Farin LED yana son wajen volt 3 kafin ya haska sosai. Pil uku sababbi suna ba da 4,5. Da zarar kowanne ya sauko kusa da volt 1, haske ya zama na kyandir. Ka kashe, gobe ka kunna ta ɗan haska minti kaɗan, ta sake dushewa. Ba aljanu ba ne, rijiyar ce ta ɗan taru.

Alkalin shi ne rijiya mai babban ido. A tocila mai jan wuta yana daɗewa sau da yawa fiye da na tutiya, kuma ya fi jure ajiya. Don haka tocilar da ake ajiyewa don ranar larura, ta CSI, ta mai gadi, ta gidan da ke da mai tsohon ciki, LR20 ya kamata a sa mata, ko batir mai caji na gaskiya.

BATIR MAI CAJI DA ƘARYAR DA KE JIKINSA

Yanzu kasuwa ta cika da tociloli masu caji, kuma nan ne algus ya fi muni.

Yawancinsu da batir ɗin litiyom suke aiki, wanda ake kira 18650. Sunan ma awo ne: faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Ƙarfinsa volt 3,7. Yawan wutar da yake ɗauka ana rubuta shi da mAh, kamar a ce lita nawa tulu ke ci. Manyan kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu da suka fi kowa ƙwarewa a wannan sana'a, abin da suke iya cusawa cikin wannan ɗan gwangwani yana tsayawa wajen mAh 3.500. To ku je teburin mai kayan salula ku duba. Za ku ga 6.800, za ku ga 8.800, za ku ga 9.900. Jama'a, wanda ya ce maka buta tana cin ruwan jarka, me za ka kira shi? Duk 18650 da aka rubuta wa irin waɗannan lambobi, ƙarya ce tsagwaronta, babu wani wataƙila. Na gaskiya yana da nauyin giram 45 zuwa 50. Na jabu sau da yawa bai kai haka ba ko kusa. Waɗanda suka fasa irinsu sun tarar da ɗan mitsitsin batir a ciki an cike sauran wurin da gari. Wasu kuma tsofaffi ne da aka ciro daga matattun kwamfutoci, aka sa musu sabuwar riga.

Haka ƙaryar haske. Ana auna haske da lumen. Fitilar gaban mota ta gama-gari tana ba da 1.000 zuwa 1.500. Sai ga kwalin tocilar da ba ta fi tafin hannu ba an rubuta lumen 100.000. Mu lissafa: LED mai kyau tana ba da wajen lumen 150 a kan wat ɗaya. Lumen 100.000 na bukatar wat fiye da 600. Batir 18650 na gaskiya yana ɗauke da wat-awa 12 ko makamancin haka. Da gaskiya kwalin ya faɗa, da cikin minti ɗaya da ƴan daƙiƙu batir ya ƙare, tocilar ma ta narke a hannunka. Wanda ya buga kwalin ya san wannan sarai. Ya dai yi imani cewa mu ba za mu lissafa ba.

Akwai kuma manyan tociloli masu hannu, masu arha, da ake cusawa kai tsaye a soket. Da yawansu ƙaramin batir ɗin dalma ne a ciki, mai volt 4. Shi wannan ba ya son a bar shi babu caji. In ya ƙare aka jefa shi ƙarƙashin gado mako biyu ana jiran ranar kasuwa a kai shi wurin mai caji, ya fara mutuwa ke nan. Shi ya sa za ka ji an ce: wata uku kawai ta yi mini. Irin wannan tocila an ƙera ta ne don gidan da ke da kuran kullum. A kawo ta ƙauyen da babu soket a sayar ba tare da an faɗa wa mai saye haka ba, wannan ma cuta ce.

Ko mai caji na NiMH sai an duba. Akwai HR20 da girmansa na babba ne amma mAh 2.500 ko 3.000 ne kawai, wato ƙaramin pil aka sa wa babbar riga. Cikakken HR20 yana kai 8.000 zuwa 10.000.

« AI TALAKA BA SHI DA ZAƁI »

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta. Za a ce: ku ƴan rediyo kuna da albashi, shi ya sa kuke maganar alkalin. Mutumin da ya sayar da kaza ya sayi gero da gishiri, abin da ya rage masa dala ashirin ce, me zai saya?

Maganar tana da nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Alkalin na gaskiya yana da tsada, wani lokaci ninki biyar ko fiye na R20, kuma shi ma ana yin jabunsa. Ba kowane gida ne zai ci riba da shi a lissafin kuɗi ba. Amma talauci ai hujja ce ta a kare mutum. Mai kuɗi in an cuce shi a pil, ya yi tsaki ya sayi wani. Talaka in an cuce shi, ya kwana cikin duhu. Wanda ya biya dala ashirin yana da haƙƙin ya samu wutar dala ashirin cikakkiya, da kwanan wata na gaskiya. Malamanmu kullum suna wa'azi a kan tauye mudu. Pil ɗin da aka rubuta wa 9.900 alhali ko 1.000 babu, ina bambancinsa da tiyar da aka bubbuge wa gindi? Don wutar ba a ganinta da ido?

Sannan zaɓi akwai shi, kuma a samanmu yake. Rana ce dukiyar da ba mu rasa ba ko a shekarar fari. Tun 1965 ƙasar nan ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni Dioffo ya shugabanta shekaru da yawa, mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Yau akwai tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30. To abin kunya ne a ce a ƙasar Abdu Mumuni har yanzu mutumen karkara na zubar da jika goma sha biyar a shekara a kan pil ɗin da zai jefar. Waɗannan kuɗi sun isa a fara maganar fitilar sola mai ɗan panno nata, ko ƙaramin panno da caja da batir na gaskiya. Masu kyau daga cikinsu suna da batir ɗin da aka rubuta wa LiFePO4, wanda ya fi jure zafi, kuma yana kai caji 2.000 ko fiye. Akwai ma tsarin gwajin inganci na duniya, wanda aka faro da shirin Lighting Africa na Bankin Duniya a 2007, yanzu ake kira VeraSol, kuma kayan da suka ci wannan gwaji suna zuwa da garanti.

Za a ce: ai an sayi sola ta lalace. Ƙwarai kuwa, saboda jabun da ya cika teburin pil shi ne ya cika teburin sola. Za a ce: kuɗin a dunƙule ne babu. To matanmu sun daɗe da maganin wannan. Adashin da ke sayen akuya da kwanonin aure, me zai hana ya sayi fitila, gida ɗaya kowane zagaye?

IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Masu saye, ku ma ga naku. Tambaya ɗaya ake yi a gaban tebur: nawa ne? Ba a tambayar wane iri ne, ba a juya shi a ga wata. Wanda bai iya boko ba, ai akwai ɗan lakwal a gidan ko a maƙwabta. Harafin L guda ɗaya ne, yaro ɗan CP ma zai gane shi.

Sannan akwai halaye da ke kashe pil da tocila tare:

Haɗa sabo da tsoho. Tsohon yana ƙarewa, sabon ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa, sai ya fara yoyo. An yi asarar biyu ke nan. In za a canja, a canja duka, iri ɗaya.

Barin mataccen pil a cikin tocila. A pil na tutiya, gwangwanin kansa ne wutar ke ci, yana aiki yana sirancewa har ya huje. Ruwan da ke fita shi ke cinye ƙarfen tocila. Alkalin ma yana yoyo, ya bar farin gari kamar kanwa. Wannan ana goge shi da ɗan tsumma da ruwan lemun tsami, a bari ya bushe, a wanke hannu, kada ya taɓa ido.

Cizon pil, ko bubbuga shi da dutse, ko shanya shi a rana wai ya farfaɗo. Ɗan hasken da ake samu na ƴan mintoci ne, kuma hutun da ya yi ne ya kawo yawancinsa. Cizo kuwa fasa shi yake yi, a baki.

Ƙoƙarin cajin pil ɗin da ba na caji ba. Yana iya fashewa.

Barin batir ɗin litiyom a rana, ko cikin aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi. Wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, a rabu da shi. Litiyom in ya kama wuta a ɗakin kara, ba a cewa komai.

INA GAWAR PIL TAKE ZUWA?

Ku zagaya bayan gidajenmu da juji ku ƙirga. Kowane pil da aka saya, a nan Bune zai mutu, a nan za a jefar da shi. Yara na fasa shi su ciro sandar gawayi su yi wasa. Ana kwaɓa baƙin garinsa a shafe allon aji. Wasu na jefa shi a masai. Mu kuma ruwanmu a kwari kusa yake da ƙasa, shi muke sha, shi ke shayar da dabino da rogo da dabbobi. Gidan da ke canja pil uku a mako yana zubar da 156 a shekara.

Na dalma ya fi haɗari. A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar dalmar tsofaffin batira da ake fasawa a unguwar. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, duk da cewa tasu daga dutsen zinariya ta fito. Gubar dai ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Don Allah matacciyar tocila mai caji ba abin wasan yara ba ce.

GA MASU IKO

Ba mu son a kama mai tebur a ce an yi aiki. Shi katan ɗaya ya saro, sau da yawa bai san bambancin R da LR ba, kuma da irin pil ɗin yake haska nasa gidan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai shigo da kwantena ya san abin da ya yi oda, ya san nawa ya biya, ya san abin da ya ce a buga a kwali.

Ƙasar nan tana da duwan. Tana da ma'aikatar kasuwanci. Tana da ANMC, hukumar da aikinta ke nan, ƙa'idojin inganci da awo. Tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, kuma tsohon batir da aka sake wa riga shara ce. Gane 18650 na ƙarya ba ya bukatar ɗakin bincike: karanta lambar ya isa, sikeli ya ƙarasa. Idan ana iya kama magani da madarar da ranarsu ta wuce a ƙone a bainar jama'a, me ya sa pil ya fi ƙarfin doka?

Ga abin da muke nema:

Na ɗaya, a hana shigo da pil da batir marasa kwanan wata, da masu lambar da ba ta yiwuwa, tun daga kan iyaka.

Na biyu, meri ta Bune da masu sarautunmu da sarakunan kasuwa su zauna da masu tebur, a koya musu karanta waɗannan baƙaƙe, a kafa allo a kasuwa da Hausa da Kananci da Fulatanci, da boko da ajami. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. To a fara amfani da ita inda za ta tsare aljihun talaka.

Na uku, mai tebur ya riƙa gwada pil a gaban mai saye, ya ajiye kayansa a inuwa. Ƙaramar na'urar gwajin volt tana hannun kowane mai gyaran rediyo.

Na huɗu, a ajiye tano mai murfi a kowace kasuwa da kowane CSI don tara matattun pil, nesa da yara da rijiya, har a samu hanyar kwashe su.

Na biyar, ANPER da furojojin da ke maganar wutar karkara su tuna cewa ƙasa ba ta ƙare a bakin kwalta ba. Kafin turke ya iso mu, a taimaka fitilar sola mai garanti ta iso, da wurin gyara da za a iya kai wa ba sai an je Damagaram ba.

Ku kuma ƴan uwa, ranar kasuwa mai zuwa, kafin ku miƙa kuɗi ku juya pil ɗin. Ku nemi harafin, ku nemi watan, ku ji nauyinsa. Rediyo a ba ta R20 mai sabon wata. Babbar tocila a ba ta LR20 ko mai caji na gaskiya. Duk 18650 da ya haura 3.600, ku mayar wa mai shi, ku faɗa masa dalili a gaban jama'a, don shi ma ya faɗa wa wanda ya sarar masa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a bakin rijiya, a gidan suna.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin dare da abin da ke cikinsa, ya shiryi masu algus, ya ba shugabanninmu ikon dubawa. Amin.